Shin Ko Kun San? Yadda Ake Gano Kanon Da a Cikin Tsofaffin Hotuna

Shin ko kun san an ɗauki hoton birnin Kano daga sama tun tsakanin ƙarshen 1930 da farkon 1931? Wani matuƙin jirgi ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, shi ne ya keto Sahara zai je Tafkin Chadi, ya yi shawagi a kan birnin yana ɗauka. Hotunan suna nan a ɗakin karatu na jami'ar kimiyya da fasaha ta Zurik, an kuma sake su a intanet, kowa ya ga dama ya duba kyauta. Ga badala a tsaye, ga soraye manne da juna, ga lunguna suna murɗewa, ga kududdufai suna ƙyalli. Sai dai bayanin da ke ƙarƙashinsu gajere ne ƙwarai. Wace unguwa ce wannan? Soron wane ne wancan mai zankwaye? Hoton ba zai faɗa muku ba, sai kun san yadda ake tambayarsa.

Shin ko kun san taswirar Kano ta girmi hotonta nesa ba kusa ba? Hugh Clapperton, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdullahi, ya shigo birnin a watan Janairun 1824, ya zana shi. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya iso a Fabrairun 1851, ya sauka a unguwar Dala, ya hau Dutsen Dala ya zana abin da idonsa ya gane masa, ya kuma bar taswira mai ɗauke da sunayen ƙofofi da na unguwanni. Clapperton ya ƙirga ƙofa 15. Barth ya jera 14. Gwamna Lugga, a rahoton da ya rubuta bayan Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ya ce 13 ne, ya ce kewayen ganuwar mil 11, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta wajen ƙafa 40. Kada ku yi gaggawar cewa ɗaya cikinsu bai iya lissafi ba. Ƙofa ana toshe ta, ana kuma huda sabuwa. Barth da kansa ya nuna cewa Ƙofar Ruwa a toshe take sa'ad da ya zo.

Ko kun san akwai ƙofofin Kano da suna kaɗai ya rage musu? Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa, da ƙofa takwas. Cikin waɗanda aka ambata akwai Adama da Gudan da Tuji, kuma yau babu ƙofa a tsaye mai amsa ko ɗaya daga cikinsu. Dabarar masu bincike a nan mai sauƙi ce, amma tana da daɗi: tunda matafiyi yakan jera ƙofofi ne bi da bi yadda suka zagaye gari, sai a kama biyu da aka tabbatar, a duba wadda ta faɗo a tsakaninsu. A jerin Barth, tsakanin Na'isa da Nassarawa ya rubuta Ƙofar Kura. Ku je wurin yau, tsohuwar ƙofar da ke wannan tsakani ita ce Ɗan'agundi. Sabuwar Ƙofa da ke kusa da ita ba ta cikin lissafi, domin sai a 1937 aka huda ta, zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Shin ko kun san fuskar gida ita ce shaidar da ta fi kowace rauni? A garuruwan da ake gini da dutse, taga ɗaya ko baka ɗaya tana iya shekara 200 ba ta sauya ba, da ita ake gane gini. Ginin ƙasa ba haka yake ba. Damina tana lasar katanga, da rani magina su zo su yi yaɓe, su shafa makuba, mai gida ya ce a ƙara zanko ko a sauya adon ƙofar zaure. Soro ɗaya yana iya fitowa da kama uku a hotuna uku, alhali bai motsa daga inda yake ba. Abin da ba ya sauyawa da wuri shi ne lungu. Gida ya rushe, magada su raba, a zuba bulo da kwano, amma iyakar maƙwabci tana nan inda kakanni suka bar ta, kwanar da jaki yake sha da kaya a 1930 ita ce mai babur yake sha yau. Saboda haka idan kun ɗora hoton Mittelholzer kusa da hoton tauraron ɗan'adam na wayarku, ku manta da rufin gidaje, ku bi murɗiyar hanyoyi da ido. Inda lungu ya rabu uku, inda ya yi gwiwa sau biyu a jere, inda ya buɗe ya zama ɗan fili gaban masallaci, waɗannan su ne alamomin da ba sa ƙarya. Ni a ganina babu wani kayan tarihi a Kano da ya kai waɗannan lunguna tsufa da gaskiya, kuma su ne ba wanda ya taɓa kafa wa allo.

Ko kun san duwatsu biyu sun ishe ku sanin inda mai hoto ya tsaya? Goron Dutse yana yamma da Dala, ya ɗan karkata kudu. Idan hoto ya nuna su duka biyu, Goron Dutse a hagu, Dala a dama, to mai ɗauka yana kudu da su yana kallon arewa. Idan Dala ce a hagu, yana arewa yana kallon kudu. Girman kowanne da tazarar da ke tsakaninsu a cikin hoton su za su nuna muku nisansa.

Amma a yi hattara: a zamanin fim, mai wankin hoto yakan kifa fim ɗin bisa kuskure, hagu ta koma dama. Kafin ku yanke hukunci ku nemi rubutu a jikin allo, ko lambar mota, ko hannun da mutane suke miƙa wa juna wajen gaisuwa.

Shin ko kun san inuwa tana faɗin wata? Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta, rana tsaka takan ɗan wuce ta arewa da kai, sai inuwa ta gajarce ta faɗi kudu. Sauran watannin shekara kuwa inuwar tsakar rana arewa take faɗuwa, kuma a Disamba da Janairu ne ta fi tsawo. Tunda mun san da hunturu Mittelholzer ya zo, inuwar katanga ta tsakar rana a hotonsa tana nuna muku arewa, ba sai kun nemi wata alama ba. Haka nan idan kun riga kun san arewa, inuwar za ta gaya muku ko da damina aka ɗauki hoton ko da sanyi.

Masallaci ma yana yin wannan aiki. Daga Kano alƙibla gabas take, ta karkata arewa. Ɗan ƙullutun da ke fitowa a bayan katangar masallaci, inda liman yake tsayawa, ana ganinsa ko daga sama. Kun same shi, kun sami gabas.

Ko kun san darbejiya baƙuwa ce? Asalinta ƙasar Indiya da maƙwabtanta, kuma a 1928 aka fara dasa ta a Borno, daga nan ta bazu cikin shekarun 1930. Duk hoton da kuka ga manyan darbejiyoyi sun yi layi a bakin titi, aka ce muku na 1910 ne, ku mayar wa mai shi. Itatuwan tsohon birni su ne kuka, rimi, dabino, durumi da tsamiya. Kuka kuwa takan daɗe fiye da gidan da ke gefenta, don haka wadda ke cikin hoto tana iya yiwuwa har yanzu tana tsaye a bayan wani shago.

Ga wasu ma'aunan shekara, a gurguje. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Jirgin sama ya fara sauka ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar, a filin sukuwa suka sauka. Ruwan famfo da lantarki daga Challawa sun zo a farkon shekarun 1930, don bututun ruwan ne ma aka huda Ƙofar Famfo. Tutar Ingila ta sauka ranar 1 ga Oktoba 1960. Motoci a hannun hagu suke tafiya har zuwa 2 ga Afrilu 1972. Farashi a jikin kanti da fam da sule ya ƙare ranar 1 ga Janairu 1973, da naira ta shigo. In kuwa hoton hawa ne, ku dubi wanda ke ƙarƙashin laima: Abbas 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Muhammadu Sanusi zuwa 1963, Muhammadu Inuwa 'yan watanni a 1963, sai Ado Bayero daga 1963 har 2014. Ma'auni ɗaya ba ya isa. Ku haɗa biyu ko uku, sai shekarun su matse.

Shin ko kun san babban masallacin Kano mai koriyar ƙubba da hasumiya biyu ba shi ne na farko a wurin ba? A 1951 aka buɗe shi. Kafinsa na ƙasa ne, mai doguwar hasumiya guda, gabjejiya, wadda ta yi wa duk soron da ke kewaye zarra. Yau babu ita sai a hoto. Wanda yake son ya kwatanta irin ginin a ransa, ya je Katsina ya tsaya gindin Gobarau. Ga masu bincike kuwa tsohuwar hasumiyar nan alheri ce biyu: tana nuna musu inda fada take, tana kuma shaida cewa hoton ya riga sabon masallaci.

Ko kun san a da ana noma a cikin badala? Clapperton da Barth duk sun nuna cewa gidaje ba su cika ganuwar ba. Gefen yamma da arewa gonaki ne da makiyaya, an bar su da gangan domin idan abokan gaba suka kewaye gari a sami abin ci. Unguwanni irin su Gwammaja da Sani Mainagge, da yau ba masaka tsinke, a tsohuwar taswira fili ne fetal. Kada ku wahalar da kanku neman layinku a can.

Shin ko kun san Jakara ta taɓa raba birni biyu? Clapperton ya same ta fadama ce mai faɗi, ta ratsa gari daga gabas zuwa yamma, kasuwar Kurmi kuma tana kan ɗan tudun da ya haɗa ɓangarorin biyu. Yau an matse ta da kankare, wani sashenta ma titi ne a kai. Su kuma kududdufan da ke ƙyalli a hotunan sama, ba haka kawai suka samu ba. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka yi tuɓali aka gina unguwar, sannan da damina su suke shanye ruwan da indararo ya zubo. An cike da yawansu da shara, an yi gini a kai. A nan tsohon hoto ya wuce abin sha'awa, ya zama abin amfani kai tsaye. Gidan da ruwa yake shiga duk watan Agusta, katangarsa tana tsagewa ana gyarawa tana sake tsagewa, sau da yawa in aka duba sai a tarar a tsakiyar tsohon kududdufi yake zaune. Da masu sayen fili da masu ba da izinin gini suna duba waɗannan hotuna kafin a zuba harsashi, da an rage asara mai yawa.

Ko kun san dalar gyada ta fi komai wuyar ganowa? Dala ɗaya takan ci buhu wajen 15,000, amma ba gini ba ce. Ana jera ta ne kafin jirgin ƙasa ya samu kwasa zuwa Ikko, in an kwashe sai fili. Ga shi dala da dala duk kamarsu ɗaya, kuma ba a Kano kaɗai aka yi su ba, an yi a Malam Madori da wasu tashoshin. A birni an san filin Ƙofar Mazugal da su. Don haka ku bar kallon buhunan, ku dubi gefen hoton: layin dogo, ko tsinin badala, ko kan Dutsen Dala. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyada a 1975 su suka durƙusar da harkar, ba a daɗe ba dalar ta zama labari.

Shin ko kun san bakin ɗan adaidaita sahu taswira ce? Sinimar Rex ta buɗe a 1937. El Duniya ta ƙone ranar 13 ga Mayu 1951, mutum 331 suka rasu, Allah Ya ji ƙansu. Palace ta buɗe a 1952 a Jakara, kusa da Kurmi, ita ce ta farko a cikin badala, kuma ba ƙaramin ce-ce-ku-ce aka yi a kanta ba. Zamanin waɗannan gidajen kallo ya shuɗe, amma har gobe za ku ji ana kiran Plaza da Eldorado da Orion a matsayin wurin sauka. Yaron da yake kiran sunan watakila bai taɓa sanin an nuna fim a wurin ba, amma ya riƙe muku adireshin daidai. Gwamnati tana sauya sunan titi da takarda, jama'a kuma su ci gaba da kiran na da. Titin Murtala Muhammed da na Ibrahim Taiwo duk bayan kisan da aka yi wa masu sunan a Fabrairun 1976 suka sami waɗannan sunaye, saboda haka taswirar da ta ɗauke su ba ta kai wannan shekara tsufa ba.

Suna ma yana yaudara. Dandalin Turawa da ke cikin birni ba na Ingilishi ba ne. Fataken Larabawa ne na Gadamas da Tarabulus suka zauna a wurin, tun kafin Nasara ya zo.

Ko kun san wasu sun auna abin kafin ya tafi? H. L. B. Moody ya bi ganuwar Kano ƙofa bayan ƙofa, ya fitar da littafi a kansu a 1969. Farfesa Bawuro Barkindo ya sake bin tarihin ƙofofin a wani aiki da ya fito a 1983. Wani masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana yawo da igiyar awo, yana zana fadoji da masallatai da gidajen ƙasa na Nijeriya. Ya rasu a 1982, aikinsa ya fito cikin juzu'i uku a 1990, kuma shi ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka gina kwatankwacin badalar Kano da masallacin Zariya. Akwai kuma tsarin raya birni na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda B. A. W. Trevallion ya jagoranta. Taswirorinsa sun kama Kano daidai gaɓar da za ta fara tumbatsa.

Shin ko kun san 'yan leƙen asirin Amurka ma sun bar mana abin dubawa? Daga 1960 zuwa 1972 taurarinsu na sirri masu suna Corona sun ɗauki hotuna sama da 800,000 na doron ƙasa, har da Afirka, kuma a 1995 aka buɗe su ga jama'a. Hotunan sama da hukumar safiyo ta Ingila ta ɗauka a ƙasashen da ta mallaka, daga 1946 zuwa gaba, suna ajiye a Edinbara. A gida kuma akwai Gidan Makama, da Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, duka biyu a Kaduna.

Ko kun san ɓatan bai tsaya ba? An sa ganuwar Kano cikin kayan tarihin ƙasa tun 1959, an kuma miƙa sunanta ga hukumar UNESCO a jerin masu jiran gado a 2007. Duk da haka a 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Shataletalen gaban gidan gwamnati, wanda aka ƙawata a 2017 don cikar jihar shekara 50, an rushe shi a Yunin 2023. Badalar kanta, a wurare da dama, an kwashe ƙasarta, an yanka filaye a kai. Hoton da kuka ɗauka da waya shekara goma da suka wuce, na ɗaurin aure ko na hawan sallah, watakila abin da ya fito a bayan mutanen cikinsa ya riga ya tafi. Kada ku goge.

Shin ko kun san masu ajiyar hotunan nan su ma taimako suke nema? Ɗakin karatun Zurik ya gayyato tsofaffin ma'aikatan kamfanin jiragen Swissair da suka yi ritaya, suka zauna suka gano dubban hotunan da ba su da bayani, daga baya a 2016 aka buɗe ƙofar ga kowa. Ma'ajiyar tarihi ta Ingila ma a 2011 ta saki dubban hotunan Afirka na zamanin mulkin mallaka, ta roƙi duk wanda ya gane wuri ko mutum ya faɗa. An ce gani ya kori ji, amma a wannan aiki gani sai ya nemi ji. Inuwa da alƙibla da duwatsu za su kai ku unguwa, su tsaya a nan. Sunan mai soron, da rijiyar da aka binne a ƙofarsa, da dalilin da ya sa lungun ya kauce, waɗannan suna wurin Sarkin Ƙofa, da mai unguwa, da tsofaffin magina. Kada kuma a tsallake iyayenmu mata, domin su suka bi gidajen nan ta ciki, biki da suna da gaisuwar rasuwa, sun san wane gida ne yake ɓullewa wane.

Tambayar ma tana da ƙa'ida. A buga hoton da girma a takarda, saboda idon dattijo ba ya jure ƙaramin gilashin waya. A gaisa tukuna, a zauna. Kada ku ce, "Baba, nan ba Koki ba ce?", domin kunya da kara za su iya sa ya ce muku ita ce. Ku ce, "Baba, ina ne nan?", ku yi shiru ku bar shi ya bi hoton da yatsa. Abin da ya faɗa ku kai wa wani dattijon daban, ba tare da kun gaya masa amsar na farko ba. In bakinsu ya zo ɗaya, a rubuta wurin, da sunan wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa. In hoton na asali ne, a yi rubutun da fensir mai laushi a bayansa ko a wata takarda daban, domin biro yana huda takardar hoto, tawadarsa kuma tana ɓullowa ta fuska.